Kazar Ba-Gyara

Tun ranar da ɗan Adam ya fara zura zare a kafar allura, duniya ba ta ga tela irin Ba-Gyara ba. Ya tsufa a kan keke bai taɓa ɓata wa kowa yadi ba, bai kuma taɓa warware ɗinkin da ya yi da hannunsa ba. Wannan magana ba ta da ja, domin daga bakinsa aka ji ta, kuma duk wanda ya gwada musa masa ya gaji ya tafi gida. Gaskiya ne akwai wasu dattawa a layinmu da suke tafiya kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa. Amma binciken da shi Ba-Gyaran ya gudanar ya nuna cewa haka aka halicce su, rigar ce kawai ta tona asiri.

Sunan ya samo shi ne daga wani allo da ya kafa a ƙofar shagonsa tun yana saurayi, can a kwanar layi, tsakanin shagon aski da kantin magani. An rubuta da jan fenti: BA MA GYARA. Abin da mai fentin ya fahimta shi ne ba a karɓar tsofaffin kaya a yi musu faci. Abin da mai shagon yake nufi ya fi haka faɗi. In ka dawo da riga ka ce ta matse ka, sai ya dube ka daga sama har ƙasa ya ce ka yi ƙiba tsakanin awo da karɓa. In ka ce ta yi maka yawa, sai ya rage murya ya ba ka shawara ka je ka ga likita, don wannan ramar ba ta lafiya ba ce. Wani malamin makaranta ya taɓa dawo da wando yana cewa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ba-Gyara ya fito da shi waje, ya sa ya ɗora ƙafa ɗaya a kan dakali, ya ja baya ya duba.

"To ga shi sun yi daidai," in ji shi. "Matsalarka wurin tsayuwa ce."

Duk da haka mutane ba su daina zuwa ba, kuma suna da hujja. Ɗinkinsa ba ya ɓarkewa. Yakan bi layi sau biyu, ƙanana-ƙanana, a matse, sannan ya kulle bakin zaren ya cusa shi ciki yadda ba mai gano inda ya ɓoye shi. Riga takan tsufa, ta koɗe, ta yage, ta koma tsumman goge ƙasa, amma ɗinkin yana nan riƙe da abin da ya rage, kamar mai gadin da ba a gaya masa masu gidan sun tashi ba. Ya koyi haka ne a wurin maigidansa, wani tsoho mai dukan yara da katakon awo, wanda ya taɓa ce masa tela mai warware ɗinki kamar alƙali ne mai cewa "ashe ba haka ba ne". Ba-Gyara ya manta da yawa daga abin da tsohon ya koya masa, har da yadda ake auna kafaɗa, amma wannan kam ya riƙe shi gam.

Da wannan keken ya yi aure, ya ɗaga ɗakuna, ya sa 'ya'ya a makaranta har autarsu ta zama ma'aikaciyar jinya. Sai kayan kanti suka cika kasuwa, an ɗinka an goge an zuba a leda, idonsa kuma ya fara neman kafar allura yana rasawa. 'Ya'yan suka haɗa baki suka rufe shagon, suka ɗauko keken suka ajiye masa a barandar gida. Duk wanda ya yi masa barka da hutawa amsa ɗaya yake samu: bai yi ritaya ba, hedikwata ya mayar gida.

A hedikwatar nan aiki ba shi da yawa. Maɓallin rigar jika, bakin labule, wani lokaci rigar matashin kai. Ma'aikaci ɗaya ne, mai zuwa ma ɗaya ce: wata jar kaza mai baƙin wuya, ragowar kajin da matarsa, wadda duk layi ke kira Inna, ta taɓa kiwo a bayan gida. Sauran sun bi tukunya ɗaya bayan ɗaya duk sanda aka yi baƙi. Wannan ta tsira ne saboda ranar baƙi ba a ganinta. Kullum da safe takan tako har baranda, ta tone ƙyallayen da ke ƙasa, ta ɗaga wannan ta yar, ta ɗaga wancan ta yar, ta yi ƙorafi da ƙarfi, ta ɓata wurin, sannan ta kwanta a ƙarƙashin keke kusa da ƙafarsa. Ya sa mata suna Kwastoma, don ya ce bai ga abin da ya bambanta ta da sauran masu kawo ɗinki ba. Ƙwai takan yi in ta ga dama.

A bayan katangar gidan akwai garejin wani makanike, mutum mai fara'a da baƙin mai har gwiwar hannu, wanda ya ajiye kare don gadin motocin mutane. Wata rana da hantsi karen ya tsinke sarƙa, ya zagayo, ya tarar da ƙofar gidan a buɗe. Ba-Gyara yana fama da zare da allura ya ji Kwastoma ta yi wani kuka da bai taɓa ji ba. Wannan karon ƙorafin na gaske ne. Ya ɗago kai ya ga gashi yana tashi a tsakar gida, kare yana girgiza kai da kaza a baki. Abin da hannunsa ya fara kaiwa shi ne dutsen guga. Bai sami karen ba, bokitin wanki ya samu, amma ƙarar ta wadatar. Kare ya saki kaza ya fice da wutsiya a matse.

Tana kwance a gefe guda, baki a buɗe, tana numfashi sama-sama. Fatar bayanta ta yage tun daga gindin fiffike har cinya, ta zazzago kamar aljihun da aka fizga. A ƙarƙashi, cikin jan nama, akwai wasu 'yan ramuka inda haƙora suka nutse. Ba-Gyara ya ga yagewar sarai. Ramukan bai ɗauke su a bakin komai ba, domin a sana'arsa ƙaramin rami ba ya hana sa riga.

Inna ta fito daga kicin tana goge hannu da zani, ta duba sau ɗaya, ta koma ta dawo da wuƙa.

"Ungo, Malam. Yi sauri kafin ta zama mushe, mu yi asarar kaza mu yi asarar nama."

"Wuƙar me ce wannan?"

"Ta aski ce. Wuƙar me kuwa? Ba ka ga bayanta ba?"

"Na gani. Yagewa ce. Ɗauko min farin zaren nan na cikin gwangwani, ki haɗo da gishiri."

"Gishiri kam za a sa mata, amma ba yanzu ba. Malam, sabo da kaza…"

"Ba ya hana yanka, na sani. Wanda ya yi wannan karin maganar mahauci ne, tallan sana'arsa yake yi."

"Ta tsufa fa. Ƙwan ma sai ta ga dama. Ta gama amfaninta."

Ba-Gyara ya dube ta ta saman tabarau, ya daɗe yana dubanta.

"A gidan nan ba a yanka abu don ya tsufa," ya ce. "In aka fara, ban san inda za a tsaya ba."

Ana cikin haka Makanike ya shigo da gudu, guntuwar sarƙa a hannu, ya durƙusa tun daga bakin ƙofa.

"Baba Tela, don Allah a yi haƙuri. Wallahi sarƙar ce ta yi tsatsa. Gobe-goben nan zan kawo wata, budurwar kaza mai ƙwai, har ta fi wannan girma."

"Kai in mota ta faɗo maka a gareji, sai a kai wa matarka wani makaniken da ya fi ka tsawo?"

"A'a, Baba."

"To tashi ka je ka ɗaure karenka. Mai gyaran ƙarfe, sarƙarsa ta yi tsatsa. Allah ya tsare masu motoci."

Aikin a kan teburin yanka yadi aka yi shi. Inna, wadda ta rantse ba ruwanta, ita ta zura zaren, ita ta naɗe kazar a tawul ta rufe mata kai don ta nutsu, ita kuma ta riƙe ta, tana faɗin ra'ayinta tun daga farko har ƙarshe. Ba-Gyara ya ɗauko babban almakashinsa, wanda ya taɓa yin wata guda ba ya magana da babban ɗansa saboda ya yanka takarda da shi, ya datse gashin da ke kewaye da ciwon. Ya wanke wurin da ruwan gishiri mai ɗumi. Ya jawo fatar ya haɗa baki da baki, ya duba ta nan ya duba ta can, har ya kai hannu ga alli sannan ya fasa. Sai ya fara. Hannun da yake rawa wurin shan shayi bai yi rawa ba. Ya bi layi ƙanana-ƙanana, a matse, ya kai ƙarshe, ya juyo ya sake bi, ya kulle bakin zaren ya cusa ciki. Ko iska ba ta da hanyar wucewa.

Kafin la'asar labari ya zaga layi. Mutane suka riƙa shigowa kallo. Mai Aski, tsohon maƙwabcinsa na shago, ya sunkuya ya duba da kyau ya ce kai ka ce daga kanti aka sayo ta haka. Ba-Gyara bai ji daɗin kalmar kanti ba, amma ya karɓi yabon.

Da aka watse Inna ta kafa sharaɗinta.

"Ka ji ni da kyau, Malam. Na bar ka ka yi wasanka. Amma ranar da na ga ta kwantar da wuya, ba zan tambaye ka ba. Mai Aski zan kira. Shi hannunsa ba ya rawa, kuma bai saba da ita ba."

Ta ajiye wuƙar a kan taga, inda duk mai zama a kan keke zai riƙa ganinta.

Ba-Gyara ya buɗe asibiti a cikin kwalin sabulu. Ya shimfiɗa ragowar yadi mai laushi, ya yafa wani tsohon gidan sauro a sama saboda ƙudaje, ya ajiye kwalin a kusurwar ɗaki inda ba iska ba hayaniya. Ruwa da ɗan sukari yake ɗiga mata a gefen baki da ƙaramin cokali, kaɗan-kaɗan, yana jira ta haɗiye. Dusa yake jiƙa mata. Da ya ga tana tsinka tana bari, sai ya sa aka dafa ƙwai ya marmasa mata.

"Duniya ta zo ƙarshe," in ji Inna. "Ita da ya kamata ta ba mu, mu muke dafa mata. Ni da na yi zazzaɓi bara, me ka marmasa min?"

"Ke kare ne ya cije ki?"

Da farko abin ya yi kamar zai yi. Kwastoma ta ɗaga kai, ta ci, har ta yi wani ɗan ƙorafi a kan ingancin dusar. Ba-Gyara ya riƙa wucewa ta gaban taga yana yi wa wuƙar kallon tausayi. Bayan 'yan kwanaki sai ta daina ci. Ta takure wuri guda, gashi a tashe, ido rabi a rufe. Bayanta ya kumbura ya yi tauri, in ka taɓa sai ka ji zafi kamar gindin tukunya. Ɗinkin kuwa yana nan lafiya lau, ko zare ɗaya bai motsa ba. Wani wari ya fara tashi a ɗakin. Ba-Gyara ya ce kwata ce, ya buɗe taga, ya kuma yi alkawarin yi wa masu kwasar shara magana.

Ranar hutunta Auta, ma'aikaciyar jinyar nan, ta zo gaishe su. Tun daga baranda ta tsaya ta ja hanci irin na masu aikin asibiti. Ba ta tambayi kwata ba. Ta wanke hannu, ta ɗaga gidan sauron, ta fito da kazar wurin haske, ta danna gefen kumburin a hankali da yatsa.

"Baba, wa ya yi wannan ɗinkin?"

"Hannun wa kika ga ya yi kama da shi?"

"Ya yi kyau ƙwarai."

"Ai na sani."

"Shi ne kuma zai kashe ta."

Inna, da ke tsince shinkafa a faranti, ta ajiye farantin ta gyara zama.

Auta ta yi bayani a natse, yadda ake yi wa dangin mara lafiya masu taurin kai. Bakin kare cike yake da ƙazanta. Haƙoransa sun kai ta can cikin nama, inda ruwan gishirin bai isa ba. Irin wannan ciwon ba a rufe shi ruf, sai an bar masa ƙofar da ruwa da mugunya za su fita.

"Kai kuwa, Baba, ka share ɗaki, ka tara sharar a ciki, ka kulle, ka jefa makulli a rijiya. Sai an warware."

Kalmar ta faɗo a tsakar gidan kamar kwano a kan siminti. Shekara da shekaru ba a furta ta a gabansa ba sai a bakin mutanen da ake shirin kora.

"Ki ba ta magani," ya ce. "Allura ko ƙwaya, duk wanda kuke bayarwa. Ɗinki ya zauna inda yake."

"Ko maganin duniya na ba ta, in mugunyar nan ba ta fita ba, aikin banza ne."

"Ɗinkin ba shi da laifi."

"Ai kazar ce ta yi ƙiba tsakanin awo da karɓa," in ji Inna, ba tare da ta ɗago kai ba.

"Baba, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu…"

"Kada ki sake ce min gyara a gidan nan. Da wannan ɗinkin da kike rainawa aka kai ki makarantar da kika koyo rainin."

Auta ba ta ja ba. Ta buɗe jakarta ta ɗauko ɗan ƙaramin almakashi, ta ce to ita za ta yi, shi ya juya baya, in an tambaye shi ya ce bai gani ba. Ta sunkuya ta nemi inda za ta sa bakin almakashin. Ta nema ta sama, ta nema ta ƙasa. Zaren ya nutse a cikin kumburarriyar fata, layi biyu a kan juna, babu tazarar da ko tsinin allura zai shiga. Duk inda ta taɓa sai kazar ta zabura. Ta ɗago tana gumi.

"Ina bakin zaren?"

"Yana inda na sa shi."

"Baba, in na yanka a makance nama zan yanka. Kai kaɗai ka san hanyar da ka bi."

A wata rana daban, wannan magana da ta ishe shi abin alfahari har ƙarshen shekara. Ya tashi ya koma baranda ya zauna a kan keke, ya ɗora ƙafa a kan feda ya riƙa taka ta a hankali, babu yadi babu zare. Daga bayan katanga ana jin ƙarar guduma, karen kuma yana haushi da sabuwar sarƙarsa, cikin ƙoshin lafiya.

A hannun Auta, Kwastoma ta sauke wuya a kan tawul ta bar shi a nan.

Inna ta gani. Ta tashi ta karkaɗe zani, ta shiga ɗaki ta fito da mayafi, ta tsaya a gaban taga ta ɗauki wuƙar ta gwada kaifinta da babban yatsa.

"Ni dai na faɗa tun ranar farko. Bari in leƙa wurin Mai Aski kafin ya tafi cin abinci."

Ta kai tsakiyar tsakar gida. Ta kai wurin igiyar shanya. Ba ta sauri, amma ba ta tsaya ba.

"Ajiye mayafin nan," in ji Ba-Gyara daga baranda.

Keken ya yi shiru.

"Auta, rufe ƙofar gida, ki sa sakata. Ke kuma samo min sabuwar reza. Duk wanda ya buga, ku ce ba na nan."

A duk kayan aikinsa babu abin warware ɗinki, bai taɓa saye ba, don ya ce wanda ya ajiye shi yana da niyyar kuskure. Da reza da tsinin allura ya yi. Auta ta dafa su a ruwan zafi, Inna ta sake riƙe kazar, wannan karon ba tare da faɗin ra'ayinta ba. Ya lalubi gindin fiffike da yatsa, ya ɗan tsaya, ya sa allura ya zaƙulo bakin zaren daga inda ba wanda zai yi zato. Ya yanke kullin. A ɗinkin kowane tela, daga nan sai a ja zare ya biyo. Nasa bai biyo ba. Kowane ɗaya sai an ɗaga shi, an yanke, an zare, sannan a tarar da ɗan'uwansa a ƙarƙashi yana jira. Gumi ya riƙa gangarowa yana taruwa a gindin tabarau. A karo na farko a rayuwarsa ya gamu da aikinsa ta ɓangaren da sauran mutane suke gamuwa da shi.

"Wane irin mara tausayi ne zai…" ya fara, sai ya tuna, ya haɗiye sauran.

Da ya kai wajen cinya, inda kumburin ya fi taruwa, ciwon ya buɗe da kansa. Abin da ya fito ba na bayani ba ne. Inna ta kau da kai tana salati. Auta ta karɓa, ta zuƙo ruwan gishiri a sirinji ta riƙa fesawa cikin ramukan nan da aka raina, tana wankewa har ruwan ya riƙa fitowa garau. Ta shafa maganin aidin a gefe-gefe, ta bar wurin a buɗe, ta yafa shara-sharan bandeji. Ta faɗi sunan maganin da za a karɓo a shagon magungunan dabbobi a riƙa sa mata a ruwa, ta ce safe da yamma sai an wanke ciwon, kuma kada wanda ya sake kusantar kazar nan da zare.

Ba-Gyara ya tattara guntayen zaren a tafin hannu ya dube su.

"To, Malam," in ji Inna a hankali, "yau dai an warware."

"Wa ya warware? Tsaga na buɗe mata, irin ta gefen riga. Don shan iska. Dama tana cikin tsarin."

An sa sakata, amma katanga ba ta da sakata, kuma yaran gareji suna da kunne. Washegari da safe wani dattijo ya yi sallama da riga a leda, wadda aka ɗinka masa tun kafin a haifi Auta. Ya ce ya ji an fara gyara. Bayansa malamin makarantar nan ne, ya yi furfura, da wandonsa a hammata. Ba-Gyara ya fito da sirinji a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa ya tare hanya.

"An ce ka warware wa kaza," in ji dattijon. "Mu da muke mutane fa?"

"Rigar taka tana wari?"

"A'a."

"Ta kumbura? Ta daina cin abinci?"

"Haba, Ba-Gyara."

"To lafiyarta ƙalau. Ranar da ta kwantar da wuya ka kawo ta."

Ya rufe ƙofa ya koma bakin aiki.

Jinyar ta yi tsawo, kuma ba ta da kyan gani. Safe da yamma yana fito da kwalin, ya jiƙa bandejin kafin ya ɗaga don kada ya fizgi nama, ya wanke, ya kori ƙudaje, ya canza shimfiɗa. Duk abin da Auta ta ce ya bi shi daki-daki, yana gaya wa masu zuwa dubiya cewa wata dabara ce da ya daɗe yana tunani a kanta. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ganin ciwon a buɗe, baki a wage, gefe bai daidaita da gefe ba. Sau da yawa Inna takan kama shi yana kallon wurin yana murza yatsu, sai ta ɗauke gwangwanin zare ta kai ɗakinta. A hankali nama ya riƙa cikowa daga ƙasa, fatar ta riƙa matsowa da kanta, a karkace, a tattare, ba tsari ba fasali, irin aikin da in yaron shago ya yi za a kore shi. Amma ya riƙe.

Wata safiya aka tarar da kwalin babu kowa. Kwastoma tana baranda, bayanta a sanƙo, tana ɗingishi, tana ɗaga ƙyalle tana yarwa. Inna ta tsaya ta dube ta, ta je taga ta ɗauki wuƙar ta mayar kicin, ta yanka albasa da ita.

Ba-Gyara ya sa babbar rigarsa, ya ɗauki kazar a hammata, ya taka layin tun daga wannan kai har wancan, a hankali, yana amsa gaisuwa. Ya tsaya a shagon aski ya nuna wa Mai Aski cinikin da ya wuce shi. Ya tsaya a ƙofar gareji ya ɗaga ta sama yadda karen zai gani da kyau, ya yi masa jawabi a kan ƙarshen azzalumai, Makanike yana tsaye yana cewa gaskiya ne, Baba. Ya dawo gida ya sanar da Inna cewa kazar nan ta fi ƙarfin tukunya har abada, kuma duk baƙon da ya zo ya ci wake.

Gashinta ya fito, ɗingishin ya ragu. Ga mamakin kowa ta koma yin ƙwai, kusan kullum, abin da ba ta yi ba ko a ƙuruciyarta. A cikin wata tsohuwar taya take yi, a garejin Makanike. Karen ne yake shanye su.